Scotia: Garin Katako da Bashi Ya Durƙusar

Duk lokacin da wata gwamnati ta hana sare itatuwa ko ƙona gawayi, maganar da ake ji ɗaya ce: an fifita itace a kan ɗan Adam, an toshe wa talaka hanyar abinci. A Amurka ma an sha wannan muhawara, kuma har yau akwai masu rantsuwa cewa 'yan kare muhalli da wata mujiya da aka sa a jerin tsuntsayen da doka ta kare a 1990 ne suka kashe garuruwan masu saran katako. Tarihin Scotia bai goyi bayansu ba.

Scotia ɗan ƙaramin gari ne a gundumar Humboldt, arewacin jihar Kalifoniya, a bakin kogin Eel. Mutanensa ba su kai dubu ɗaya ba. Da farko Forestville ake kiransa, sai a 1888 aka sauya masa suna saboda yawan ma'aikatan da suka zo daga yankin Nova Scotia na Kanada. Arzikinsa duka itacen redwood ne, wanda ya fi kowane itace tsawo a duniya. Wasu sun haura mita 100, wasu sun shekara 2,000 a tsaye. A siririn zirin gaɓar tekun Fasifik kawai suke tsirowa, inda hazo mai laima ke tasowa daga teku ya shayar da su a watannin da babu ruwan sama.

Kamfanin Pacific Lumber ne ya gina garin, kuma shi ya mallaki komai: gidaje, kantuna, asibiti, otal, har da gidan kallo na Winema da aka gina da zallar redwood a 1920. A wancan lokacin ma'aikaci na biyan haya kaɗan, ɗansa na samun tallafin karatu, shi kuma yana da fansho. Kogin ma ya gwada garin, domin ambaliyar 1964 ta kwashe gumagumai masu tarin yawa ta yi teku da su, amma aka sake tashi.

Abin da ya riƙe Scotia shi ne yadda iyalan Murphy, masu jan ragamar kamfanin, suke sara. Tun shekarun 1930 suka daina aske daji ƙwal. Sukan zaɓi wasu itatuwa su bar wasu, kuma ba sa sare fiye da abin da dajin zai iya mayarwa. Kamfanin ba shi da wani bashin kirki, ga tsofaffin itatuwa jibge a hannunsa.

Wannan tattalin ne ya jawo masa ido. A 1985 wani attajiri daga Texas, Charles Hurwitz, ya yi amfani da kamfaninsa Maxxam ya saye Pacific Lumber a kan kusan dala miliyan 900, kuma yawancin kuɗin rance ne mai tsadar ruwa. Sai aka ɗora bashin a wuyan kamfanin da aka saya. Kamar mutum ne ya ci bashi ya sayi garke, sa'an nan ya riƙa kai shanun haihuwa kasuwa don ya biya: shekarar farko kowa zai ce ya iya kiwo. Aka ninka yawan sara, aka koma aske tsaunuka, aka kuma taɓa rarar asusun fanshon ma'aikata. Aiki ya yi yawa, kuɗin ƙarin lokaci ya shigo aljihu, shi ya sa ma'aikata da dama suka ɗauki masu zanga-zangar kare muhalli a matsayin abokan gaba. Hukumomin da ke ba da izinin sara kuwa sun fi saurin sa hannu fiye da hawa tsauni su duba.

A jajibirin sabuwar shekarar 1997 laka ta gangaro daga wani tsauni da aka sare, ta rushe gidaje bakwai a ƙauyen Stafford da ke kusa. A saman wannan yanki ne wata matashiya, Julia Butterfly Hill, ta hau wani tsohon itace ta zauna kwana 738 don kada a sare shi. Ita duniya ta fi sani, ba takardun bashin ba.

Su ma dokokin muhalli ba kyauta suka karɓi daji ba. A 1999 gwamnatin tarayya da ta jiha suka biya kamfanin dala miliyan 480 a yarjejeniyar sayen dajinsa na Headwaters. Duk da haka, a Janairun 2007 Pacific Lumber ya shiga kotu yana neman kariya daga masu binsa bashi.

A 2008 dajin da injin yanka katako suka koma hannun Humboldt Redwood Company, wanda ya yi alkawarin barin tsofaffin itatuwa. Garin kuma ya faɗa hannun wani kamfanin da ke bin bashi, wanda daga baya ya fara sayar da gidajen ɗaya bayan ɗaya ga duk mai kuɗin saye, ma'aikacin katako ne ko baƙo.