Garkuwar Jiki da Cutar Sikizofreniya: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Sikizofreniya na cikin cututtukan taɓin hankali masu tsanani. Mai fama da ita yakan riƙa jin muryoyin da kowa ba ya ji, ko ya yi ta zargin ana ƙulla masa sharri, ko ya ƙaurace wa mutane har ya daina kula da kansa. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, tana damun kusan mutum 1 cikin 300.

Ina ruwan garkuwar jiki da ita? Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, garkuwa takan saki wasu sinadarai da ke kawo zazzaɓi da kumburi. Likitoci na auna su a jini, kamar IL-6 da CRP. An gano sukan ɗan hau a jinin wasu masu sikizofreniya, musamman idan ciwon ya motsa. Waɗanda nasu ya fi hawa sukan fi fama da mantuwa, kasala da wahalar tattara hankali.

Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya bi diddigin yara a Ingila. Masu yawan IL-6 a shekara 9 sun fi shiga haɗarin alamun taɓin hankali a shekara 18. A 2016 kuma masana a Amurka sun alaƙanta cutar da C4, ƙwayar gadon da ke aiki a garkuwar jiki, wadda kuma ke da hannu wajen rage mahaɗan jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

Sai dai a yi hattara. Hawan waɗannan sinadarai ba ya tabbatar da cutar. A Sakkwato, inda zazzaɓin cizon sauro ke yawa da damina, shi kaɗai ya isa ya ɗaga CRP. Haka ma shan taba da ƙiba. Har yanzu babu gwajin jinin da ke gano sikizofreniya, kuma maganin kumburi bai maye gurbin maganin da likitan ƙwaƙwalwa ke rubutawa ba.

Idan kuna Sakkwato kuma ɗan'uwanku ya fara nuna alamun cutar, ku garzaya da shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ku sanar da likita in akwai zazzaɓi, jijjiga ko ruɗewar farat ɗaya, domin ciwon da ya kama ƙwaƙwalwa kan yi kama da taɓin hankali. Ku haɗa addu'a da magani, kuma kada ku ɗaure shi ko ku tsangwame shi.