Kafin Ka Miƙa Kuɗinka: Sayen Kwamfuta da Kyamara na Hannu, da Abin Yi Idan Na'ura ta Tsaya

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a filinmu na fasahar zamani, domin wanda bai samu saurare ba, da wanda ya saurara amma yana son ya riƙe takardar a aljihu ranar da zai shiga kasuwa.

Koke-koken da ke zuwa mana daga ɓangarorin iyaka biyu kusan iri ɗaya ne. Matashi ya kwashi adashi ko ya sayar da amfanin gona, yana son buɗe shagon buga takardu ko ya fara ɗaukar hoton biki. Ya hau mota daga Maraɗi ko Damagaram zuwa Kano, ya shiga titin Beirut ko Farm Centre, ya sayi kwamfuta ta hannu ya tsallako gida. Bayan kwana uku ta fara mutuwa da kanta. To, ina zai mayar? Kuɗin mota da wahalar hanya kaɗai sun isa su sa ya haƙura. Saboda haka idan daga nesa kake saye, babban garantinka shi ne gwajin da ka yi a gaban mai shago kafin ka biya. Ba a cinikin biri a sama.

Fara da aikin da za ka yi

Kafin ka tambayi farashi, tambayi kanka me za ka yi da ita. Mai buga takardu da cike fom a intanet ba ya buƙatar abin da mai haɗa bidiyon biki yake buƙata. Abubuwa uku ne ke raba kwamfuta mai ƙarfi da mai rauni: ƙwaƙwalwarta, wato furosesa, sai RAM, sai faifan ajiya.

A kan ƙwaƙwalwa ake yawan yaudarar mutane. Mai shago zai ce maka, "Ranka ya daɗe, wannan fa i7 ce," kai kuma ka ji lamba babba ka saki jiki. Dubi lambar da ke biye da ita. Idan ka ga i7-3520M, ukun nan na farko yana nufin zubi na 3 ne, na wajen shekarar 2012. Idan ka ga i5-8250U, zubi na 8 ke nan, kuma ta fi waccan i7 ɗin ƙarfi nesa ba kusa ba. Akwai kuma wani dalili. Kamfanin Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen kulawarsa ta kyauta ga Windows 10, Windows 11 kuwa yawanci sai ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na 8 zuwa sama take karɓa. Wanda ya sayi ta ƙasa da haka ya sayi abin da zamani ya fara bari a baya.

RAM kuwa, Windows 11 tana tashi da giga 4, amma da ka buɗe shafuka kaɗan za ta fara jan ƙafa. Nemi giga 8 don aikin ofis, giga 16 don bidiyo. Faifan ajiya iri biyu ne: tsohon yayi mai juyawa a ciki, HDD, da sabon yayi marar motsi, SSD. Shi SSD ya fi sauri sosai, kuma ya fi jure jijjigar babur da hanyoyinmu. SSD mai giga 256 ya fi maka amfani a aikin yau da kullum bisa HDD mai giga 500.

Gwajin minti talatin

Kada ka yarda da takardar da aka manna a jikin kwamfuta, ana iya manna ta a kan kowace. Kunna ta da hannunka, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare. Tagar da ta buɗe, a sashen Performance, za ta nuna maka ainihin ƙwaƙwalwar, da yawan RAM, da irin faifan.

Sai batir. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, ka buɗe rahoton da ya fito. Za ka ga lambobi biyu: ƙarfin da batirin ya zo da shi daga kamfani, da ƙarfin da yake iya ɗauka yanzu. Idan na yanzu bai kai rabin na asali ba, sa kuɗin sabon batir cikin cinikin. In hakan ya yi maka wuya, cire caja ka kunna bidiyo na minti 20, ka ga kashi nawa ya sauka.

Daga nan bi sauran sassan ɗaya bayan ɗaya. Buɗe farin shafi ka dubi sikirin ko da tabo ko layi. Danna kowane maɓalli. Soka filas a kowace kafar USB. Gwada lasifika da kyamarar gaba da wayifai. Buɗe murfin ka rufe sau da yawa, domin maƙalar murfi na daga abin da ke saurin karyewa. Ɗora tafin hannunka ta inda iska ke fita: ɗumi ba laifi, amma idan tana ƙuna alhali ba aikin komai take ba, akwai matsala.

Abu na ƙarshe, kuma kada ka manta da shi: ka sa a shigar maka BIOS a gabanka. Yawancin kwamfutocin hannu daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, wasu kuma suna zuwa da kalmar sirri da babu wanda ya sani. Idan ta nemi kalmar sirri, ko ta nuna sunan wani kamfani tana neman a shiga da asusunsa, ajiye ta. Idan kun daidaita, a rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar da kwanakin garanti. Zai yi maka amfani ko a gaban jami'an kwastan ko duwan, kuma shi ne shaidarka cewa ba kayan sata ka saya ba. Mai shagon da ya hana ka gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Abin da iyaka ke canzawa

Kibod na Najeriya na Ingilishi ne, layinsa na sama yana farawa da QWERTY. Na Nijar da Chadi yawanci na Faransanci ne, AZERTY. Idan takardun Faransanci za ka riƙa bugawa, wannan ba dalilin fasa ciniki ba ne: ana ƙara harshe a cikin Windows, a riƙa sauyawa da maɓallin Windows da na tazara. Akwai ma tsarin Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ. Abin da ke rubuce a kan maɓallan ne kawai ba zai canza ba, sai ka manna sitika.

Fulogi ma ya bambanta. Na Najeriya mai ƙafa uku ne irin na Ingila, na Nijar yawanci mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa. Sayi adafta ko ka canza igiyar, kada ka tura tsirarar waya cikin soket. Ƙarfin wutar ƙasashen biyu yana tsakanin bolt 220 zuwa 240, na Amurka kuwa 120 ne. Cajar laftof yawanci tana ɗaukar 100 zuwa 240, a rubuce yake a jikinta. Amma tsohuwar kwamfutar tebur da ta fito daga Amurka tana iya zuwa da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230. Idan yana kan 115 ka jona ta, ƙara ɗaya za ka ji, sai hayaƙi. Haka firinta, duba bayanta kafin ka jona.

Kyamara

Ita kyamara, kada yawan megafiksel ya ruɗe ka. Hoto mai girman takardar A4 da aka wanke da kyau bai kai megafiksel 9 ba, saboda haka mai 16 ko 18 ta ishe ka aikin biki da suna. Lens mai kyau ya fi yawan lamba tasiri a kan hoto. Ka kuma sani cewa lens ɗin Canon ba ya hawa Nikon kai tsaye, don haka gidan da ka fara da shi, kusan shi za ka ci gaba da bi.

Kyamarar DSLR tana da mizani kamar na mota, wato sau nawa marufin cikinta ya buɗe ya rufe. Yawancin ƙanana an yi su ne su kai wajen ɗauka 100,000. Tambayi mai shago ya nuna maka wannan lamba. Sannan ka cire lens ka haska shi da tocila. Idan ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a cikin gilashin, fumfuna ce, tana kama kayan da suka daɗe a wuri mai laima, kuma cire ta aiki ne. Mayar da lens, ka sa buɗewarsa a f/16, ka ɗauki farin bango. Ɗigo-ɗigo baƙi ƙura ce, ana sharewa. Layi ko tabo mai launi kuwa lalacewa ce.

Mai ɗaukar bidiyo ya lura da abu biyu. Da yawa daga tsofaffin DSLR suna yanke ɗauka da kansu a minti 29 da daƙiƙa 59, kar ta yanke maka ana tsakiyar ɗaurin aure ba ka sani ba. Na biyu, idan daga Amurka ta zo, sauya tsarinta daga NTSC zuwa PAL, domin ya dace da wutarmu mai bugun 50, in ba haka ba hoton zai riƙa ƙyaftawa a ƙarƙashin wasu fitilu.

Katin memori kuma, a nan araha ba ta ado. Akwai jabu da ke nuna giga 64 alhali cikinsa bai kai haka ba. Zai yi ta karɓar hotuna kamar gaske, sai ka zo buɗewa ka tarar sun lalace. Biki kuwa ba a maimaita shi. Gwada sabon kati da manhajar H2testw, ko ka cika shi da bidiyo ka bubbuɗe su kafin ranar aiki. Don bidiyo nemi mai alamar U3 ko V30. A cikin kyamarar za ka yi masa fomat, kuma ka riƙe kati biyu matsakaita maimakon babba guda ɗaya.

Idan ta tsaya

A ƙasarmu abokan gabar kwamfuta uku ne: zafi, ƙura da wuta. Kafin ka kwasa zuwa wurin mai gyara, gwada waɗannan.

Ta ƙi tashi sam? Duba soket da caja tukuna. Sannan cire caja, cire batir idan mai cirewa ne, danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 30, ka mayar da caja kaɗai ka gwada. Idan za ka ari caja, bolt ɗinta ya zama daidai da na taka, ba don bakinta ya shiga ba kawai.

Fitila ta kama, fanka na juyawa, amma sikirin baƙi? Jona ta da talabijin ta igiyar HDMI. Idan hoto ya fito, sikirin ne ko igiyarsa. Idan bai fito ba, sau da yawa RAM ne ya motsa ko ya yi datti. A kashe, a cire wuta, a zare shi, a goge bakinsa mai ruwan zinariya da magogin fensir, a mayar.

Tana mutuwa da kanta bayan ɗan aiki? Zafi ne, kare kanta take yi. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, ga bazara ta zo zafi ya haura digiri 40. Daina ɗora ta a kan katifa ko darduma, domin ta ƙasa take shaƙar iska. Kai ta a buɗe a share fankar, a canza man da ke kan ƙwaƙwalwa, aƙalla sau ɗaya a shekara bayan hazo ya wuce.

Kullum kwanan wata na komawa baya, shafukan intanet suna ƙin buɗewa? Ɗan batir ne mai kama da kwabo a ciki ya mutu, yawanci CR2032, kuɗinsa kaɗan ne.

Tana nauyi? Koma tagar nan ta Ctrl, Shift, Esc ka ga abin da ke cinye ta. Sau da yawa sa SSD da ƙarin RAM ya fi sayen wata. Amma idan ka ji faifai yana ƙas-ƙas-ƙas, daina komai ka kwashe takardunka nan take, mutuwa yake shirin yi. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga kibod kuma, kashe ta ka cire shi, yana iya kama wuta.

Maganar wuta, kada ka bar na'ura a jone lokacin da ake tayar da janareta ko aka dawo da wuta, jira ta daidaita. Mai kwamfutar tebur ya nemi stabilaiza da UPS. Idan hadari ya taso da tsawa, zare fulogi.

In abin ya kai ga mai gyara, kwafe aikinka tukuna, ka rubuta yawan RAM da girman faifanka a gabansa, kuma ka ce kada a yi fomat sai an tambaye ka. Na'ura in ta mutu ana sayen wata. Hotunan bikin mutane da kundin ɗalibi da aka ba ka amana, su ne ba a samu a kasuwa, don haka ajiye kwafinsu a wuri biyu tun yau.

Mai tambaya ya aiko mana ta hanyoyin da aka saba, ya faɗi sunan na'urar da lambarta da ainihin abin da take yi. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya sa albarka a sana'a.