Ko Kun Sani? Hawa Cikin Silin Da Kan Soro

Ko kun san cewa silin ɗaki bai iya ɗaukar nauyin mutum? A Jiratawa, kudu da birnin Maraɗi, da Tibiri da cikin birnin kansa, gidajen kwano masu silin suna ta ƙaruwa kusa da tsofaffin soraye. Mai gyaran wuta ko mai toshe yoyo da ya shiga tsakanin kwano da silin, katakon da aka gicciya kaɗai zai taka. In ya taka allon silin, sai dai a tsince shi a tsakar ɗaki.

A watannin Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yakan wuce digiri 40, ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa magina ke hawa da sanyin safiya. Kafin hawa, a kashe wuta daga mita, domin wutar kamfanin lantarki na NIGELEC mai ƙarfin bolt 220 tana kisa. A riƙe tocila, a rufe hanci saboda ƙura da kashin jemage, a kula da kunama da gidan rina.

Shi kuwa soro, azarar giginya ce ke riƙe da rufinsa, kuma gara ba ta cika cin ta ba. Amma ƙasar rufin takan yi nauyi da laushi in ta sha ruwa. Don haka a yi yaɓe, a share indararo tun kafin damina.

Kada a hau sai da mai riƙe tsani a ƙasa.