Mutum-mutumin Shataletale: Na Kowa Ne ko Yana da Mai Shi?

Tun da waya mai kyamara ta shiga aljihun kowa, wata gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakanin masu ɗaukar hoto da masu buga kalanda da riguna, daga Jalingo har Lau a Jihar Taraba. Wasu na cewa sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta hana ɗaukar hoton duk wani mutum-mutumi ko zanen da ke bakin hanya. Wasu kuma sun dage cewa abin da aka kafa a bainar jama'a ai na kowa ne. Duka biyun sun kauce, amma masu ra'ayi na biyu sun fi yawa, su ne kuma za su iya jawo wa kansu shari'a.

Dokar ita ce ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Tsohuwar ta yarda a kwafi duk aikin fasahar da aka kafa dindindin a inda jama'a ke gani, a kuma rarraba shi. Sabuwar ta taƙaita wannan dama ga fim da shirye-shiryen talabijin, ba ta ambaci hoton da ake bugawa a takarda ba. Sai dai ta bar ƙofa ga amfanin ƙashin kai, da nazarin da ba na kasuwanci ba, da sharhi, da rahoton labarai. Wanda ya ɗauki hoto ya ajiye don tarihi, babu mai ce masa uffan.

Rigimar tana farawa ne idan kuɗi suka shigo. Mangwaron maƙwabci da reshensa ya leƙo titi, kowa na iya shan inuwarsa, amma wanda ya cika kwando ya nufi kasuwa ya san ba nasa ya ɗiba ba. Haƙƙin mai zane ko masassaƙi yana nan tsawon rayuwarsa, da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, magada na cin moriyarsa. Idan a ƙarƙashin umarnin gwamnati aka yi aikin, haƙƙin nata ne na shekara 50. Mai hoto ma yana da haƙƙi a kan hotonsa, amma nasa ba ya shafe na wanda ya yi aikin asali.

Ba a Najeriya kaɗai ake haka ba. Hasumiyar Eiffel ta birnin Paris, wadda aka kammala a 1889, haƙƙinta ya daɗe da ƙarewa, amma fitilun da aka ƙawata ta da su a 1985 suna da kariya. Mai son sayar da hoton hasumiyar na dare sai ya nemi izini.

Inda abin ya fi shafar mutanen Taraba shi ne sassaƙen gargajiya. Mutum-mutumin katako na al'ummar Mumuye, waɗanda ke zaune a Zing da Yorro da Lau da Jalingo, ya yi suna a gidajen tarihin Turai da Amurka. A 2011 gidan tarihin Fowler da ke Los Angeles ya baje irinsa a nunin fasahar kwarin Binuwai. Galibin waɗannan ayyuka ba a rubuta sunan masassaƙansu ba, shi ya sa ake ɗauka ba su da mai su. Alhali doka ta kare fasahar gargajiya, har da sassaƙa da tukwane da saƙa, ta kuma ce mai son kwafarsu don kasuwanci ya nemi izinin Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya. Izinin yana hannun hukuma, ba hannun al'ummar da ta gaji sana'ar ba, kuma da wuya masassaƙin ƙauye ya taɓa jin labarin wannan tanadi.

Dokar da ba a wayar da kan jama'a a kanta ba, ba ta kare kowa. Ya kamata hukumar ta shiga gidajen rediyon jihar ta yi bayani da Hausa da Fulfulde da Mumuye. Kai kuma mai buga kalanda ko riga, kafin ka kai aiki injin ɗab'i, nemi mai aikin, ku yi yarjejeniya a rubuce.