Ko Kun Sani? Sirinjin Da Ke Lalube A Gadon Baya

Allurar baya ta kashe zafi iri biyu ce. Wadda aka fi sani wajen tiyatar haihuwa tana shiga har cikin ruwan laka. Ɗayar, efidural, tana tsayawa a wani ɗan sarari na kimanin milimita 5, kafin ta taɓa rigar laka.

Ido ba ya ganin wurin, babban yatsa ke lalubensa. Likita na tura allura yana danna sirinji mai santsi, cike da ruwan gishiri. Muddin bakinta na cikin jijiya mai tauri, sirinjin sai ya cije. Tana hudawa, sai ya saki sululu. Likitan Italiya, Achille Dogliotti, shi ya yaɗa dabarar a 1933.