Mai lalurar ji zai iya ƙera jita da hannunsa? Ga yadda abin yake

In aka ce kurma ya ƙera jita, da yawanmu dariya za mu yi. Ta yaya wanda ba ya jin amo zai sassaƙa abin kiɗa? Amma da muka bi aikin daki-daki, mun tarar yawancinsa yana hannu da ido, kunne sai a ƙarshe ake nemansa.

Jitar da muke magana a kai ita ce ta katako zalla, wadda ba a haɗa ta da lantarki. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da wata murya ta kirki. In aka taɓa ta sai ta yi karkarwa, karkarwar ta sauka kan allon gaba, wato fuskar jitar, shi kuma allon ya kaɗa iskar da ke ciki da waje. Kamar dai fatar gurmi ko ta garaya: in fatar ba ta yi ba, tsirkiya ba ta gyara kiɗin. Kaurin allon bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, amma yana ɗauke da jan tsirkiyoyi shida, kusan kilo 40 in na leda ne, wajen kilo 70 in na ƙarfe ne. Shi ya sa ake manna masa ƴan sanduna ta ciki. In ya yi kauri, jitar ta yi shiru. In an kankare shi fiye da kima, ya lanƙwashe ko ya tsage.

To ina maƙerin ke sanin inda zai tsaya? Da yawa sukan riƙe allon da yatsu biyu, su ƙwanƙwasa, su kara kunne. Amma wanda ake ɗauka uban jitar zamani, Antonio de Torres na yankin Almeriya a ƙasar Sifaniya (1817 zuwa 1892), ga hannu ya jingina gwanintarsa. Wani limamin coci abokinsa ya ba da labari cewa da aka matsa masa ya faɗi sirrinsa, ya nuna babban yatsa da manuni, ya ce su ke gaya masa ko allon ya kai. A 1862 ya ƙera jita da baya da gefuna na kwali, don ya nuna fuska ce ke ba da murya. Tana nan ajiye a gidan tarihin kiɗa na Barsalona. Torres ba kurma ba ne, amma hanyarsa a buɗe take ga kurma: ya lanƙwasa allon a hankali, ya ji taurinsa, ya ƙara kankarewa.

Fatar jikinmu ma tana jin amo. Wanda ya taɓa ɗora hannu kan akwatin rediyo ana kiɗa ya san haka. Tsirkiya mafi kauri tana karkarwa kamar sau 82 a daƙiƙa, mafi siriri kamar sau 330, kuma duka biyun yatsu da ƙirji suna kama su. Evelyn Glennie, makaɗiya ƴar Sikotilan da ta kurmance tana ƴar shekara 12, ba takalmi take hawa dandali don kiɗan ya shigo ta ƙafa.

Sai kuma ido. Tun 1787 wani Bajamushe, Ernst Chladni, ya nuna cewa in aka barbaɗa yashi kan faranti aka sa shi karkarwa, yashin zai gudu daga inda ke motsi ya taru a layukan da ke tsaye. Maƙeran yau suna yin haka da ganyen shayi ko garin katako, da lasifika a ƙarƙashin allon. Zanen da ya fito shi ke nuna ko gefe guda ya fi ɗaya tauri. Wasu kuma sukan ɗora nauyi a tsakiyar allon su auna yadda ya lotsa, su rubuta, su kwatanta da jitar da ta gabata. Saitin tsirkiya ma yanzu manhajar salula ce ke nuna shi da allura a kan gilashi.

Ƴan ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita kuwa lissafi ne kawai. In tsawon tsirkiya milimita 650 ne, ƙarfe na farko yana wajen milimita 36 da rabi daga sama, na 12 kuma a tsaka daidai, a 325. Wanda ya iya awo ya iya wannan.

Amma kada mu ɓoye wahalar. Siraran muryoyin da ke sa jita zaƙi sun fi ƙarfin abin da fata ke kamawa, haka ma ɗan zizar da tsirkiya ke yi in ta gogi ƙarfe. Na'urar kunne tana taimakawa, sai dai an fi gyara ta don magana, kiɗa kan sauya kama a cikinta. A nan maƙerin yana buƙatar makaɗi amintacce ya gwada, ya nuna masa inda ke damu. Akwai kuma haɗari a shago: mai ji yana gane zarto ya cije daga kukan injin, shi kuwa kurma sai ya sa ido sosai. Wanda ke da sauran ji ya toshe kunne in injin na aiki, don ƙarar da ta wuce desibel 85 tana cinye ji a hankali. Wannan gargaɗi har da kafintocinmu masu lafiyar kunne.

Mun kawo zancen ne saboda abin ya shafe mu. Sanƙarau ta bar yara da dama da kurumta a garuruwanmu, kuma sau da yawa sai a yanke musu hukunci tun suna ƙanana cewa ba su iya koyon komai. Jita kuma ba baƙuwa ba ce a Nijar. Mdou Moctar na jihar Tahoua da wayar birkin keke ya haɗa tasa ta farko, yau ga shi yana kiɗa a ƙasashen duniya.

Saboda haka iyaye, in kuna da yaro mai lalurar ji kuma kun ga hannunsa na son katako, ku kai shi wajen kafinta ko masassaƙi. Ku kuma masu shago, ku nuna masa aikin a gabansa, ku fuskance shi in kuna magana, ku bar yatsunsa su saba da itace. Allah ya sa albarka a sana'ar kowa.