Kurakuran da ke sa kamfanonin inshora ƙin biyan asibitocin haƙori

Mai ciwon haƙori ba ya iya jira. Ya kwana bai runtsa ba, kumatu a kumbure, da sassafe ya isa asibiti da katin inshora a hannu. Likita ya duba, ya yi masa allurar kashe zafi, ya cire haƙorin. Bayan makonni, takardar neman biya ta dawo daga kamfanin inshora: ba za a biya ba. An yi aiki, an kashe magani da safar hannu, amma kuɗi ya maƙale.

Irin wannan asara ba a kan asibiti kaɗai take tsayawa ba. Idan ta yawaita, sai a fara ce wa masu katin inshora su biya da kuɗinsu, ko a riƙa ɗaga musu rana.

Tun da aka sa hannu a dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, a watan Mayun 2022, inshorar lafiya ta zama wajibi a Najeriya. Jihohi ma na da nasu hukumomin, kamar KSCHMA a Kano. Masu zuwa da kati na ƙaruwa, don haka asibitin da bai iya cike takarda ba yana cikin matsala.

Rashin lambar amincewa

A tsarin NHIA, asibitin matakin farko yana karɓar kuɗi duk wata bisa yawan mutanen da suka yi rajista da shi. Amma aikin mataki na biyu, inda yawancin ayyukan haƙori suke, ana biyansa ne aiki bayan aiki. Kafin a fara, sai an turo majinyaci da takarda, sannan kamfanin HMO ya ba da lambar amincewa. Wanda ya yi aiki kafin lambar ta fito, ko aka amince masa ya cike haƙori ya zarce ya yi aikin jijiya, zai sha wahala kafin a biya shi. Idan aikin ya canza bayan an buɗe baki, a nemi sabuwar lamba.

Ba a duba katin ba

Kati a hannu ba ya nufin inshora na aiki. Mai yiwuwa wa'adinta ya ƙare, ko mutum ya bar wurin aiki, ko yaron da aka kawo ya wuce shekara 18 da tsarin ma'aikata ya ƙayyade wa 'ya'ya. Akwai kuma sha'anin suna: Muhammad a kati, Mohammed a fom. A kwafi suna da lamba daidai yadda suke a kati, kuma a tantance a duk zuwa, ba a zuwan farko kawai ba.

Lambar haƙori

Babban mutum na da haƙora 32, kuma akwai hanyoyi fiye da ɗaya na ba su lamba. A tsarin FDI na duniya, 16 na nufin turmin farko na sama a dama. A tsarin Amurka kuwa, 16 shi ne turmin ƙarshe na sama a hagu. Ko a cikin FDI, 36 na ƙasa ne a hagu, 46 na ƙasa a dama. Idan fayil ya ce 36, fom ya ce 46, mai tantancewa zai mayar da takardar. Mafi muni, wata rana asibiti zai nemi kuɗin cike haƙorin da takarda ta nuna an riga an cire. A zaɓi tsari ɗaya, kowa ya bi shi.

Aikin da inshora ba ta biya

Ayyukan ado kamar faranta haƙori, da dashen haƙori a ƙashi, ba sa cikin abin da tsarin gwamnati ya saba biya. Inshorar kamfanoni kuma tana da iyakar kuɗin haƙori a shekara. A faɗa wa majinyaci kafin ya hau kujera, ya sa hannu. Sauya sunan aiki don ya shiga cikin wanda ake biya zamba ce, tana iya jawo wa asibiti rasa rajista.

Rashin hujja da jinkiri

Aikin jijiya ko cire haƙorin da ya maƙale a ƙashi na buƙatar hoton haƙori da bayanin likita. Abin da ba a rubuta ba, a wurin kamfani ba a yi shi ba. Kowace yarjejeniya kuma tana da wa'adin miƙa takardu. Tara su har wata uku hanya ce ta asara.

Yawancin waɗannan kurakurai a teburin karɓar marasa lafiya ake yin su, ba a ɗakin likita ba. Asibitin da ya horar da ma'aikacin wannan tebur, ya ajiye littafin takardun da aka mayar da dalilin kowace, zai gane inda kuɗinsa ke zuba. Shi ma majinyaci yana da haƙƙin tambaya kafin a taɓa bakinsa: an samu lambar amincewa, kuma nawa zan biya daga aljihuna?